Katangar da Na Zana a Kwance

Bari in fara da gyara wata ƙarya, tunda yanzu babu mai iya dukana: ba mai mashin ne ya buge ni ba. Wannan mai mashin da na ce yana sanye da jar hula, wanda Gwaggo Asabe ta yi sati uku tana tsine masa har kakanninsa, babu shi a duniya. Gwaiba na hau tsinka a kan katangar maƙwabta, da silifas ɗin Umma a ƙafata. Dutse ɗaya ya zame, muka sauko tare ni da shi, ƙafata ta hagu ta yi ƙara kamar an karya rake. Da a lokacin ka tambaye ni tsawon katangar, zan ce maka kaɗan ya rage ta kamo Dutsen Zuma. Da na miƙe na je na tsaya kusa da ita, a ƙirjina ta tsaya.

Sunana Habibu, shekarata goma sha shida. Muna zaune a Gudu, a ɗakuna biyu na bayan gidan ogan da Baba yake yi wa tuƙi. Na rubuta wannan ne don duk wanda aka ɗaure wa ƙafa a gida, ko aka ɗaure wa ɗansa, ya san inda zai riƙa dubawa. Mu ba mu sani ba.

Ranar da abin ya faru Baba yana hanya da oga, ba a san ranar dawowarsu ba. Umma ta yafa mayafi za ta nemo mota mu tafi asibiti, sai ga yayar Baba, Gwaggo Asabe, ta iso daga Karmo. Ban san wanda ya gaya mata ba. Gwaggo tana jin labarin ciwo tun kafin mai ciwon ya ji zafi.

"Asibiti?" in ji ta. "Waɗanda ba su san komai ba sai zarto? Ke Hauwa, so kike a dawo miki da yaro da ƙafa ɗaya da rabi?"

"Yaya, ai hoto kawai za a ɗauka a gani."

"Hoton me? Ƙashi ne ya karye, ni ma daga nan ina ganinsa. Akwai mai ɗori a Masaka, gadon gidansu ne. Yatsa kawai zai ɗora ƙashi ya koma wurinsa."

Ba yatsa ya ɗora ba. Maza biyu ya sa suka danne ni, shi kuma ya ja ƙafar kamar yana son tafiya da ita gida. Ina da tabbacin an ji ihuna a Keffi. Ya jera tsagin gora a kewayen ƙwaurina, ya naɗe da tsumma, ya shafe ƙafar da wani baƙin magani mai kauri tun daga idon sawu har kan farce. Sannan ya kafa dokoki. Kada in ci miya mai yauƙi. Kada a taɓa ɗaurin sai ya dawo. Babbar dokar kuma, kada kowa ya shigo ɗakin in ba Umma da Gwaggo ba, domin ba a san mai tsarki da marar tsarki ba, kuma inuwar marar tsarki tana kwance ɗori.

Dokar miya ban damu da ita ba, dama ni da kuɓewa gaisuwa ce kawai. Dokar ƙofa ce ta kashe ni.

A satin farko abokaina Bash da Emeka sun zo ta taga sau biyu. Zuwa na biyu Gwaggo ta tarar da su, ta fito da muciya ta ce tagar ma ƙofa ce. Daga nan ban sake ganin ko hularsu ba. Wayata ta fashe ranar faɗuwar. Umma tana fita da sassafe zuwa kasuwar Gudu inda take suyar awara, ta bar mini kular abinci da buta da wani bokiti da ba zan yi bayaninsa ba, sai bayan la'asar ta dawo. Gwaggo tana zuwa kwana biyu, ta ɓace kwana biyu. Ni da malamin lissafi ya taɓa cewa ko a aljihu aka sa ni sai na sami abokin surutu, sai ga ni ina yini ban buɗe baki ba. Da safe ina jin 'yan makaranta suna wucewa, in gane muryoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya taɓa kiran sunana. Na yi wa ƙadangaren da ke zuwa bakin taga sallama, ya gyaɗa kai ya tafi, na ji daɗi har na ji kunya.

Abin da tagar ke nuna mini ɗaya ne: katangar da ta jefar da ni. Ɗan lungu ne kawai tsakaninmu. Ta duwatsu ce zalla, babu siminti, ga gurbin dutsen da na ɓamɓaro a sama kamar giɓi. Ta bayanta ana ganin kan zogale, da gwanda, da fulawar nan mai ƙaya da jan fure kamar takarda, da gwaibar da ban ko ɗanɗana ba.

A kwana na biyar na jawo littafin lissafina, wanda Allah ya sa rabinsa fari ne fes saboda ƙwazona, na fara zana katangar da biro. Ban iya zane ba. Na yi wasu ƙwallaye a jere, suka fito kamar buhun dankali. Don haushi sai na fara cika ɗaya da ƙananan layuka, ɗaya kusa da ɗaya. Na gaba na cika shi da ɗigo. Na gaba na kwaikwayi saƙar tabarmar da nake kwance a kai. Ina ɗaga kai sai na ji ana kiran azahar, kuma na lura tun hantsi ban tuna da ƙafata ba.

Daga ranar na sami aiki. Kowane dutse da zanensa, ba na maimaitawa. Na ɗebo daga aikin hular Baba, da zanen faifan Umma, da ɓawon kifi, da lallen da Gwaggo ta yi na biki, da tayar mota, da raga irin ta gidan sauro. In na fara jan layi a hankali numfashina ma yana raguwa ya bi layin. Ba na tunanin makaranta, ba na tunanin su Bash. Layi kawai, sai na kusa da shi, sai na kusa da shi.

Wata safiya ina cikin yi sai na ji murya ta saman katangar.

"Oga Habibu, kai ne ka cire mini haƙori a katanga, ko?"

Baba Danladi ne, dattijon Gbagyi mai kula da lambun gidan maƙwabtan. Hannunsa riƙe da garwar ban-ruwa. Na yi maza na rufe littafin.

"Baba, mai mashin ne..."

"Mai mashin ɗin ya hau bishiya? Ina nan a bayan gwanda, na gan ka da takalmin mamanka." Ya yi dariya har garwar ta zubar da ruwa. "Ba zan faɗa ba. Nuna mini abin da kake rubutawa kullum."

Na ɗaga masa littafin. Ya ƙura ido ya daɗe.

"Ado ya yi kyau. Amma wannan katanga naka, akuya ya jingina zai faɗi. Ka jera dutse a kan dutse kamar bulo. Duba nawa da kyau. Kowane dutse yana zaune a kan biyu, biyu suna ɗauke da ɗaya. Ni na gina shi da hannuna, tun ba a haife ka ba."

Na duba, wallahi haka ne. Kwanaki ina kallon katangar ban gani ba. Na yaga shafin na sake sabo. Tun daga ranar, in ya zo ban-ruwa sai ya tsaya mu yi 'yar hira ta saman katanga, shi ba ya ƙetarowa saboda an gaya masa dokar. Yakan soka ganye a bakin sanda ya miƙo mini ta taga: na gwanda mai yatsu, na zogale ƙanana kamar kwabbai, na gwaiba mai jijiyoyi a jere. Ya ce kada in zana ganye daga kaina, in fara da jijiyar tsakiya. Hirar ba ta wuce minti goma. Sauran yinin ni ne da biro.

A ƙarshen sati na biyu mai ɗori ya dawo. Ya tattaɓa ya ce na cika motsi, ɗorin ya saki. Ya sake ɗaurewa, wannan karon har yana taka gefen tabarma yana jan tsumman da ƙarfinsa. Ya ƙara shafa baƙin maganin, ya tafi.

Wannan ciwon daban ne. Ƙafar tana bugawa kamar an sa mata zuciya ta biyu, yatsun suna zafi kamar na taka garwashi.

"Umma, ƙafata za ta fashe."

"Sannu. Ka yi haƙuri, ƙashi ne ke haɗuwa."

"Wallahi Umma, wannan ba irin na da ba ne."

Gwaggo ta leƙo. "Kai da ka ce sauron ɗakin nan ya ɗaga ka sama ya sake ka? Kai da ka ce kwana uku ba a ba ka abinci ba, kula tana gabanka? Kwanta, malam."

A nan ba zan ɗora mata laifi duka ba. Shekara goma sha shida ina ƙara wa magana gishiri, ranar da na kawo ta babu gishiri sai ba a gane ta ba.

Sai na koma wa littafina. Na zana ina kuka, na zana ina cije leɓe. Na cika duwatsu da layukan da suka fi gashi sirantaka, don in hankalina ya tafi wurin layin sai zafin ya ɗan ja baya. A kwana na uku da sabon ɗaurin, zafin yatsun ya ɗauke ɗif. Umma ta dawo ta same ni shiru ina zane, ta yi hamdala. Gwaggo ta ce, "Kin gani? Da yanzu yana can an sa masa zarto." Ni kuwa na gaya wa Baba Danladi cewa na gano maganin da likitocin duniya suka kasa ganowa, kuma biro ne.

Kwana biyu bayan haka littafin ya cika. Na zana a bangonsa, na zana a jikin tsagin gorar da ke ƙafata. Da wuri ya ƙare sai na lanƙwasa da ƙyar na kai biro kan yatsuna, da nufin in yi musu ado a kan baƙin maganin. Ni mutum ne mai jin cakulkuli, ko iska ta taɓa tafin ƙafata sai na yi tsalle. Babban yatsa ya ji biron, can nesa. Na biyu da na uku ma haka. Na huɗu bai ji komai ba. Ƙaramin ma bai ji ba. Na danna bakin biron da ƙarfi har ya lotsa fatar, kamar ina danna katifa. Na taɓa su da hannu, sanyi ƙalau. Kuma akwai wani ɗan wari da tun jiya nake ɗora wa bokiti laifinsa.

Na gaya wa Umma da yamma. Ta tsuguna ta daɗe tana kallo, amma me za ta gani? Ƙafar duka baƙa ce da magani. Ta kira Gwaggo a waya, Gwaggo ta kira mai ɗori, ya ce alamar sauƙi ce, kada a taɓa, yana nan zuwa ranar Asabar. Ranar nan kuwa Talata ce. Umma ta kira Baba, wayarsa ba ta shiga. Na ga tana wanke kwanon da ta riga ta wanke.

Washegari da hantsi, gidan babu kowa, Baba Danladi ya leƙo.

"Likitan biro, yau babu zane?"

"Baba, yatsuna biyu ba sa ji na."

Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba. Ya ajiye garwar, ya ɓace daga saman katangar. Can sai na ji sallama a bakin ƙofarmu.

"Baba, an hana shigowa."

"Na sani. In ɗori ya lalace a ce ni ne."

Shi ne mutum na farko da ya tako ɗakin cikin kwana goma sha tara, in ka cire Umma da Gwaggo da mai ɗori. Ya zauna a ƙasa, ya jiƙa gefen rigarsa da ruwan buta, ya fara goge yatsun a hankali. Babban ya wanku, fata ta fito. Na biyu da na uku suka wanku, sun kumbura sun yi wani irin launi. Na huɗu da ƙaramin ya goga, ya goga, baƙin bai fita ba. Ba na magani ba ne.

"In na ɗaure reshe da waya na matse da yawa," in ji shi, "ba wurin waya ke fara mutuwa ba. Can bakin reshe ne." Ya ciro almakashin da yake aske fulawa da shi daga aljihu, ya yanka tsumman a wurare uku ya sassauta, bai cire goran ba. "Kar ka motsa. Zan je in kira mamanka."

Dattijon nan da ƙafa ya je kasuwa. Umma ta bar awara a cikin mai ta taho. Ana neman mota sai ga Gwaggo, dama ranar zuwanta ce. Ta ga tsumma a yanke, ta ga baƙon takalmi a bakin ƙofa, ta ɗora hannu a ka.

"Wa ya ba shi izinin shiga? Shi ke nan, an kwance aikin sati uku! Hauwa, ba inda za a kai yaron nan sai uban ya dawo."

Ban taɓa jin Umma ta musa wa Gwaggo ba. Ko sunana ba ta cika kira a gabanta ba, sai dai ta ce "yaron nan naku". Ranar ta ɗaura mayafinta a ƙugu ta ce, "Yaya, ɗana ne. Ki matsa."

Gwaggo ta matsa. Kuma don a faɗi gaskiya, ita ta riƙe ƙafar a cinyarta a cikin mota har muka isa.

A asibitin gwamnati layi uku muka bi: na kati, na ganin likita, na hoto. A layin kati na tsufa, na yi furfura, na haifi jikoki. Wata nas ta zo wucewa, ta ja hanci, ta dawo da baya, ta ɗaga zanen da aka rufa mini. Ita ta tsallakar da mu. Ta yi wa Umma faɗa kamar ta kama ta da sata. Na ji haushin nas ɗin, kuma har gobe ina yi mata addu'a.

Likitar matashiya ce. Ta kwance komai, ta duba hoton, ta ce ƙashin ma a karkace yake haɗuwa. Ta kira ciwon yatsun da wani suna, gangirin, kalmar da har yanzu in na tuna ta sai in ji warin ɗakin nan. Sannan ta ciro biro daga aljihunta ta ja layi a kan ƙafata, daidai inda baƙin ya tsaya.

"Waɗannan biyun sun tafi," in ji ta. "Yanzu ƙafar muke nema. Jini ya fara dawowa, za mu ba shi magani mu gani. In baƙin ya tsaya a bayan layin nan, yatsu kawai za mu cire. In ya ƙetare, za mu yi wata maganar."

Gwaggo ta fita baranda.

Kwana shida na yi ina gadin layin nan. Ɗakin maza ne, gado goma, duk dattawa, kowa da abin da ya dame shi. Masu dubiya sai ƙarfe huɗu ake barinsu su shigo, kuma nawa ba su da yawa. Umma tana zirga-zirga da takardun magani, kullum da sabuwa, rabin abin da aka rubuta sai an fita waje an sayo. Baba ya dawo a kwana na biyu, ya tsaya a kaina ya kalli layin, ya dafa goshina, ya fita baranda ya daɗe. Gwaggo ta tare a barandar da tabarmarta. Ita ke wanke mini kaya, ita ke faɗa da masu shara in sun taɓa gadona, ita ke kawo farfesun ƙafar saniya daga Karmo wai yana haɗa ƙashi. Ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba. Farfesun dai bai taɓa yankewa ba.

Tagar ɗakin kuwa bangon banɗaki take kallo. Don haka na roƙi Umma ta riƙa ba ni tsofaffin takardun magani, na koma zana katangar daga ka a bayansu. Ɗaya a kan biyu, biyu ɗauke da ɗaya. Da safe kafin likita ta zo sai in zaɓi dutse ɗaya in cika shi da layi har ta iso gadona. Zanen bai warkar da ni ba, na daina wannan cika bakin. Abin da ya yi mini shi ne ya riƙe ni a wuri ɗaya lokacin da babu mai zama kusa da ni. Baba Danladi ya zo sau ɗaya, ranar Lahadi bayan sun tashi daga coci, da sabon littafin zane da reshen zogale a cikin leda. Bash da Emeka ma sun zo sau ɗaya, suka tsaya a bakin gado suna kallon silin. Minti goma suka yi.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. In an ɗaure ƙafa ko hannu, a bar yatsu a waje, a wanke su, a riƙa kallonsu kullum safe da yamma. A taɓa a ji ko da ɗumi, a tsunkula a tambaya ko ya ji. Kada a yarda a shafe su da abin da zai ɓoye launinsu. In ciwo mai tsanani ya ɗauke farat ɗaya, kada a yi murna sai an duba. In yaro ya ce ɗauri ya matse shi, ko da maƙaryacin unguwa ne, a duba tukuna, a yi masa faɗan daga baya. Kuma kada a kulle marar lafiya shi kaɗai. Mutum biyu ne kawai ke shiga ɗakina kullum, dukansu kuma sun saba da abin da suke gani.

A kwana na shida likitar ta duba ta ce baƙin bai ƙetare layin ba. Washegari aka cire yatsun biyu. Bayan ciwon ya kame aka sake karya ƙashin aka sa ƙarfe. Sati bakwai na yi a asibiti, wata uku da sanda. Jarrabawa ta wuce ni, na maimaita aji. Ƙafar tana nan, da yatsu uku, kuma ina ɗan ɗingishi.